Yadda ake jona kwamfuta da talabijin ba tare da an ƙona ramin HDMI ba: amsa ga wani malami a Daura

Tambayar ta fito ne daga wani malami da ke kula da wata 'yar cibiyar koyar da kwamfuta a cikin garin Daura. Suna da talabijin mai inci 43 a maƙale jikin bango, da ita ake nuna wa ɗalibai darasi, da yamma kuma matasan unguwa su kalli ƙwallo ta risiba. Ramukan HDMI uku ne a jikinta, biyu sun daina aiki cikin shekara guda. Kowane malami da laftof ɗinsa yake zuwa, wata tana da HDMI, wata babu. Ɗalibai kuma sun mai da ramukan USB na kwamfutar cibiyar wajen cajin waya da saka filashi. Yana son sanin yadda ake jonawa daidai, da yadda zai tsare ramin da ya rage.

Malam, Allah ya saka da alheri kan hidimar da ake yi wa yara. Kafin a zo maganar jonawa, ka dakatar da kowa daga saka komai a ramin nan na uku har sai an duba wutar ɗakin. Ramin HDMI ba ya mutuwa don tsufa cikin shekara ɗaya. Idan biyu sun tafi a jere, akwai abin da ke kashe su, kuma yana nan yana jiran na ukun.

Mafi yawan lokuta abin da ke kashe su shi ne rashin wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke ce wa atin. Wutar da muke amfani da ita bolt 230 ce, soket ɗinmu kuma mai ƙafa uku, ƙafar sama doguwar ita ce ta ƙasa. A gidaje da shaguna da yawa, in ka kwance soket za ka tarar waya biyu kawai aka ja, ƙafa ta uku ba a jona ta da komai ba. Wani wurin kuma an ja wayar amma ba a kai ta ko'ina ba, ko ekstenshan ɗin da aka saya na roba ne wanda ramin ƙasansa ado ne kawai. To cajar laftof da na'urar wutar cikin talabijin duk suna da wasu ƙananan kafasito da ke rage hayaniyar lantarki, kuma ta cikinsu wata 'yar wuta kan yoyo zuwa ƙarfen jikin na'urar. Da akwai atin, can za ta zube ba wanda ya sani. Da yake babu, sai ta taru a jikin ƙarfen. In ka auna da mita za ka iya ganin wajen bolt 100 zuwa 115, wato kusan rabin wutar soket. Ƙarfinta bai kai miliamfa ɗaya ba, shi ya sa ba ta kashe mutum, sai dai ka ji laftof tana ɗan jan ka a hannu idan ƙafarka na ƙasa ba takalmi. Amma layukan da ke ɗaukar hoto a cikin HDMI da bolt 3.3 suke aiki. Abin kamar tankunan ruwa biyu ne, ɗaya a saman bene ɗaya a ƙasa: da zarar ka haɗa su da tiyo, ruwan na sama zai kwararo da ƙarfi har su daidaita. Kebul ɗin HDMI shi ne tiyon. Ɗan tartsatsin da ake gani wani lokaci idan an kai bakin kebul jikin ramin, wannan kwararar ce.

Waɗanda suka ƙera HDMI sun yi shi ne yadda za a iya saka shi a cire shi na'ura tana kunne, kuma ƙarfen bakin kebul shi ya kamata ya fara taɓa ƙarfen ramin kafin ƙananan filoli 19 na ciki su haɗu. Sai dai wannan lissafin na inda wayarin ya cika ne, kebul ɗin kuma mai kyau. Idan bakin ya saki, ko an cusa shi a karkace ana lalube a bayan talabijin, fil na iya riga ƙarfen taɓawa, wutar ta bi ta kansa kai tsaye zuwa cikin fanel, wato faifan kayan lantarkin da ke cikin talabijin.

Gwajin ba wuya. Ka samo mai gyaran wuta da mitarsa, a sa ta a kan awon AC. A kunna talabijin, a jona laftof da cajarta, a saka kebul a laftof kaɗai. Sai a ɗora tsinken mita ɗaya a ƙarfen bakin kebul ɗin da ke sake, ɗayan a ƙarfen ramin HDMI na talabijin. Idan mita ta nuna bolt goma-goma har zuwa ɗari, ka ga mai laifin. A maimaita da kebul ɗin risiba.

Maganin na dindindin shi ne a yi atin na gaskiya: sandar tagulla, ko ƙarfe mai rufin tagulla, da ba ta gaza mita 1.2 ba, in an samu mai mita 1.8 ko fiye ya fi, a kafa ta a ƙasa a ja waya mai launin kore da rawaya zuwa soket ɗin. Ƙasar yankin Daura rairayi ce, da rani kuma tana bushewa ƙayau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai. Don haka a nemi wurin da ke da danshi, kusa da inda ake alwala ko inda ruwan famfo ke zuba, kuma idan sanda ɗaya ba ta isa ba a kafa biyu da tazara a haɗa su. Masu wayarin sukan zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa, amma gishiri na cin ƙarfe, saboda haka duk shekara a tono saman a duba maɗaurin. Sannan talabijin, risiba da kwamfuta duk su sha wuta daga ekstenshan ɗaya mai ƙafa uku ta gaske. Kada talabijin ta kasance a kan inbata ta sola, laftof kuma a kan wutar NEPA ko janareta, alhali kebul ɗaya ya haɗa su. Wannan haɗin shi ya fi kowane saurin cin rami.

Ko an yi atin ko ba a yi ba, a riƙe wannan tsari wajen jonawa: a kashe talabijin daga soket, ba da rimot kaɗai ba, a zare cajar laftof, a saka kebul a ɓangarorin biyu, sannan a kunna talabijin, a mayar da caja. Talabijin da yawa filoginsu ƙafa biyu ne, atin ɗin soket ba ya kai wa jikinsu, to su wannan tsarin ne kariyarsu. Laftof da ke kan batirinta ba ta da hanyar da wutar bango za ta bi, shi ya sa zare cajar ke da muhimmanci.

Sai risiba, wadda ni a ganina ita ce abar zargi ta biyu a wannan cibiya. Dish yana saman rufi, wayarsa ta sauko ta shiga risiba, risiba ta shiga talabijin ta HDMI, talabijin ta shiga kwamfuta ta wani HDMI ɗin. Daga watan Yuni zuwa Satumba, idan hadari ya haɗu ana walƙiya, ba sai tsawa ta faɗa kan dish ɗin ba. Ta faɗi a kusa ma ya isa ta tayar da wuta mai yawa a cikin doguwar wayar nan, ta bi wannan layin har ƙarshensa. Sau da yawa risiba takan tsira, ramin talabijin ya tafi. Ka tuna lokacin da ramukan biyu suka mutu: idan da damina ne, kuma risiba ce a jikinsu, ba sai an yi dogon bincike ba. Akwai ɗan ƙarfe da ake sakawa a tsakiyar wayar dish kafin ta shigo ɗaki, mai wajen ɗaura wayar ƙasa, a haɗa shi da atin ɗin ginin. Duk da haka, idan hadari ya taso a kwance wayar dish daga bayan risiba a zare filogi daga bango. A kashe risiba kafin a kwance, domin tana tura bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa kan dish, in ƙarafan suka haɗu tana kunne za ta iya lalacewa.

Mutane kan ruga sayen sitabilaiza suna ganin sun gama. Duba takardar da ke bayan talabijin ɗinka, mai yiwuwa an rubuta 100-240V. Ma'ana raunin wuta ba ya damunta sosai. Sitabilaiza tana gyara hawa da saukar wuta na sannu a hankali, amma bugun da ke zuwa cikin ƙiftawar ido idan an kawo wuta, ko an juya daga janareta, ya riga ta wucewa. Abin da ya fi dacewa shi ne na'urar nan da ake sakawa a soket mai suna TV Guard, wadda ke yanke wuta in ta yi yawa, kuma take jinkirtawa kaɗan bayan an kawo kafin ta saki. A haɗa ta da ekstenshan mai kariyar bugun wuta, wanda aka rubuta adadin joule a jikinsa, 1,000 ko sama. Shi ma wannan sai da atin yake cikakken aiki, kuma yana gajiya: duk bugun da ya sha yana rage masa ƙarfi, in fitilarsa ta kariya ta mutu ya koma ekstenshan kawai.

Yanzu jonawar kanta. Idan laftof tana da ramin HDMI, kebul ɗaya ya wadatar, hoto da sauti duk ta cikinsa suke bi. Rikicin yana wajen kwamfutocin ofis na gwanjo da suka cika kasuwa. HP EliteBook 840 daga G1 zuwa G4 ba su da HDMI, DisplayPort ne da VGA. ThinkPad T440 da T450 ƙaramin DisplayPort ne da VGA. DisplayPort yana kama da HDMI sosai, har wasu kan danna kebul ɗin HDMI a cikinsa da ƙarfi su karya harshen ciki. Bambancin: HDMI kusurwoyinsa biyu na ƙasa ne a yanke, DisplayPort kusurwa ɗaya. Ga irin waɗannan ka sayi adafta daga DisplayPort zuwa HDMI mai bakin da ya dace da ramin, babba ko ƙarami, tana ɗaukar hoto da sauti. In ka ga alamar DP++ kusa da ramin, adafta mai arha ma za ta yi. Hanya ɗaya take bi, daga kwamfuta zuwa talabijin. Kuma babban bakin DisplayPort yakan zo da ƙugiya, sai an danna maɓallin samansa kafin a ja, in ba haka ba da ramin za a taho.

VGA, shuɗin nan mai fil 15, a bar shi sai in babu wata hanya. Ba ya ɗaukar sauti, hotonsa kuma ba ya kai na HDMI tsabta. In talabijin tana da ramin VGA, sai a ƙara siririyar wayar sauti mai bakin milimita 3.5 daga ramin iyafis na kwamfuta zuwa ramin sautin da ke kusa da VGA ɗin. In ba ta da shi, ana buƙatar kwanbata daga VGA zuwa HDMI, wadda ke da wayar USB ta shan wuta da wayar sauti. A nan ake yawan asarar kuɗi: wadda ta fi yawa a shaguna ita ce kishiyarta, daga HDMI zuwa VGA, ta jona sabuwar laftof da tsohuwar furojekta. Ba sa maye gurbin juna. Ka faɗa wa mai shago a fili cewa VGA ɗin a jikin kwamfuta yake, kuma ka tafi da laftof ɗin a gwada a gabanka, ko a Katsina ka saya ko a titin Beirut na Kano.

USB-C kuma ba kowane ne ke fitar da hoto ba. Sai wanda ke da alamar walƙiya ta Thunderbolt ko alamar DP a gefensa, ko wanda takardar kwamfutar ta ce yana yi. Ramin USB na talabijin shi ba ya karɓar hoto daga kwamfuta sam, na filashi ne. Kada a kuskura a haɗa shi da kwamfuta ta kebul mai babban bakin USB a kai biyu, domin kowane ɓangare bolt 5 yake turowa. Idan kwamfutar tebur ce mai katin hoto na daban, a saka kebul a ramin katin, can ƙasa a kwance, ba na sama da ke kusa da ramukan USB ba.

Game da kebul, kada a ruɗe ka da ruwan zinare a baki. Hoton HDMI ko ya zo ko bai zo ba, tsada ba ta ƙara masa kyau. Wanda aka rubuta High Speed ya isa hoton 1920 x 1080. In talabijin 4K ce, wato mai hoton 3840 x 2160, kuma ana son ta yi gudun 60Hz, wato sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, sai Premium High Speed mai ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa. Tsawo shi ne abin lura. Har mita 5 kusan kowane kebul yana yi. Daga mita 10 zuwa 15 sai mai kauri na kirki, kuma alamar wanda ya gaza ita ce ɗige-ɗigen fari suna ƙyalli a hoto, ko allon ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. In tazarar ta wuce haka, akwai akwatuna biyu da ke ɗaukar HDMI ta wayar intanet ta Cat6 har wajen mita 50. Dogayen kebul masu na'ura a baki suna da gaba da baya, kan da aka rubuta Source na kwamfuta ne, Display na talabijin.

Bayan an jona, a danna Source ko Input a rimot a zaɓi lambar ramin. A kwamfuta a danna maɓallin Windows tare da P. Duplicate zai nuna abu ɗaya a allon biyu, shi ya fi sauƙi ga aji. Extend zai mai da talabijin allo na biyu, malami ya riƙe bayanansa a laftof ɗalibai na ganin darasi kawai. In an ga hoton bango babu komai a kansa, ba lalacewa ba ce, a Extend ake. In allon ya tsaya baƙi, a gwada Windows da Ctrl da Shift da B tare, yana sake tayar da sashen hoto. In sauti ya ci gaba da fita ta laftof, a danna alamar lasifika a ƙasa a zaɓi sunan talabijin.

Abu biyu ke ɓata rubutu a talabijin, ga masu koyar da Word da Excel kuwa rubutun shi ne komai. Na farko, talabijin kan ɗan faɗaɗa hoto ta yanke gefuna, har layin ƙasa na Windows ya ɓace. A shiga saitin girman hoto a zaɓi Just Scan a LG, ko Fit to Screen a Samsung, sauran ma suna da makamancinsa. Na biyu, rashin daidaita yawan ɗigon hoto. A shiga Settings, System, Display, a zaɓi wanda aka rubuta Recommended ga talabijin ɗin. Masu inci 43 galibi 1920 x 1080 ne ko 3840 x 2160, ƙanana masu inci 32 da yawa 1366 x 768. Tsofaffin laftof masu HDMI 1.4 ba sa wuce 30Hz a 4K, sai ka ga linzami yana jan ƙafa. A sauke zuwa 1920 x 1080 a 60Hz, ya fi daɗin aiki nesa ba kusa ba. A rage Sharpness, a sauya sunan ramin zuwa PC in talabijin ta yarda, a ɗaga Scale zuwa 150% don na bayan aji su gani.

Mu koma kan tsare ramin. Bayan wuta, abin da ke kashe shi shi ne hannu da nauyi. Ramin a jikin fanel yake, dalma ce ta riƙe shi. Kebul mai kauri da ke rataye yana jan sa ƙasa dare da rana, in an matse talabijin jikin bango kebul ɗin ya lanƙwashe yana tura shi gefe, kowane malami kuma ya zo ya jijjiga. Sannu a hankali dalmar ta tsage, hoto ya riƙa zuwa sai an riƙe kebul da hannu. Shawarata ita ce ramin da ya rage a saka masa abu sau ɗaya, kada a sake taɓa shi. A sa adafta mai kusurwa in wurin ya matse, akwai mai kallon ƙasa da mai kallon sama, a duba wadda ta dace kafin a saya. A ɗaure kebul ɗin da ƙarfen da ya riƙe talabijin, a bar masa ɗan sassauci tsakanin maɗaurin da ramin, a bi da shi jikin bango cikin bututun roba har teburin malami. Wanda ya yi tuntuɓe da shi, maɗaurin zai ja, ba ramin ba.

A teburin kuma a ajiye akwatin sauya HDMI mai shiga uku fita ɗaya, irin mai cajarsa ta kansa. Risiba a ɗaya, kwamfutar cibiya a ɗaya, na uku da ɗan gajeren kebul na malamai masu zuwa da tasu. Wannan ya warware ƙarancin ramuka, kuma saka-cire duk ya koma kan akwatin. Yana da tasa ƙwaƙwalwar a ciki, don haka sau da yawa in bugu ya zo shi yake fara sha. Ba tabbas ba ne, amma sauya akwatin ya fi sauya fanel ɗin talabijin sauƙi ƙwarai.

Ga baƙin laftof akwai hanyar da babu waya ko kaɗan. In talabijin tana da Screen Share ko Screen Mirroring, a kunna shi, a danna Windows da K a kwamfuta a zaɓi sunanta. Ba ya buƙatar data. Yana ɗan jinkiri, bidiyo kan yi tsalle wani lokaci, amma ga nuna rubutu da hotuna ya isa, kuma babu ƙarfen da ya haɗa na'urorin biyu balle wuta ta bi. A saita talabijin ta riƙa neman izini kafin ta karɓa, don kada wani ɗalibi ya jefa abin da ke wayarsa a allo ana tsakiyar darasi.

Hunturu na da nasa. Iska ta bushe, jiki da tufafi suna tara wutar da ke ba ka ɗan tas idan ka taɓa ƙofar mota. Mutum ba ya jin ta sai ta kai wajen bolt 3,000, na'ura kuwa ƙasa da haka ma yana yi mata illa. Mai jonawa ya fara taɓa ƙarfen taga ko ƙofa, kuma ya riƙe bakin kebul ta robarsa. Ramukan da ba a amfani da su a toshe su da murfin roba, saboda ƙura, da kuma zanzaro da ke son cika ƙananan ramuka da laka. In za a share, a zare wuta a hura da abin hura iska na roba. Ban da allura, ban da tsinken ƙarfe, ban da hurawa da baki.

Saura USB na kwamfutar cibiya, kuma matsala biyu ce daban, ta filashi da ta caji. Ta filashi ita ce bairos, musamman wanda ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi masu kama da su, wanda ke yawo tsakanin shagunan buga takardu. Windows ya daina buɗe shirin filashi da kansa tun daga Windows 7, yanzu danna gajeriyar hanyar ne ke tayar da shi. Matakin farko, ɗalibai su yi aiki da asusun Standard, na Administrator ya zauna a hannunka da kalmar sirri. Ba tare da wannan ba duk abin da ka kulle za su buɗe. Sannan in Windows Pro ne, danna Windows da R, rubuta gpedit.msc, ka bi Computer Configuration, Administrative Templates, System, Removable Storage Access, ka kunna All Removable Storage classes: Deny all access. Wannan zai hana filashi, memori da ajiyar waya, kibod da linzami kuma su ci gaba da aiki. Windows Home ba shi da gpedit. A nan sai a rubuta regedit maimakon gpedit.msc, a bi: HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\USBSTOR, a mai da Start daga 3 zuwa 4. Ranar da kake son buɗewa ka mayar 3. Wannan ta biyun tana hana filashi amma ba ta hana wayar Android musayar fayil, domin ta wata hanya take bi. Kada ka taɓa komai a regedit ban da wannan layin.

Ɗalibi mai wayo zai iya kewaye duk wannan ta hanyar tayar da kwamfutar daga filashinsa. Don haka a shiga BIOS, wato saitin kwamfutar na kafin Windows ya tashi, lokacin kunnawa, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, a kashe tashi daga USB, a sa kalmar sirri. A rubuta ta a ajiye inda shugaban cibiya ya sani, domin a kwamfutocin ofis na zamani cire ƙaramin batirin fanel ba ya goge ta. Wasu kwamfutocin tebur suna barin a kashe ramukan gaba kaɗai a bar na baya. Kada a kashe duka, kibod ɗinka ma a can yake.

Caji kuwa babu saitin Windows ɗin da ke hana shi, bolt 5 na nan a ramin ko an kulle bayanai. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 aka tsara masa, 3.0 kuma 900, ga igiyoyin caji da suka sha ɗauri da salatif suna haɗa wuta. Akwai ƙananan matosai na roba masu mabuɗi na musamman da ake cusawa a ramin, ba sa fita sai da mabuɗinsu. Ban da gam ko sufa gulu, wata rana za ka buƙaci ramin. In kwamfutar tebur ce, a sa ta a akwatin katako ko ƙarfe mai kwaɗo da ramukan shan iska gaba da baya, saboda zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Kuma a ajiye wa yaran ekstenshan ɗaya na caji a can bayan aji, a wani soket ɗin daban. Wanda ya samu inda zai yi caji ba zai tsaya ɓalle matoshi ba.

Ramuka biyun da suka mutu kada a yanke musu hukunci tukuna. A zare talabijin daga wuta na minti goma, a danna maɓallin kunnawa na jikinta a riƙe na ɗan lokaci, a mayar, a gwada da kebul da na'urar da aka tabbatar suna aiki. Wani lokaci sashen HDMI ne ya sandare kawai. A haska cikin ramin da tocila: in harshen tsakiya ya karye, ko filoli sun lanƙwashe, ko ramin yana motsi in an taɓa, wannan aikin dalma ne, mai gyaran da ke da injin iska mai zafi zai sauya shi. In ramin lafiya lau a ido amma ba hoto, a ce wa mai gyara ya fara auna ƙananan diyod na kariya da ke bayan ramin, domin in su suka ƙone sauya su kawai ake yi. In kuwa bugun ya kai babbar ƙwaƙwalwar fanel, sai dai a sauya fanel ɗin gaba ɗaya, kuma tunda rami ɗaya da akwatin sauyawa sun ishe ku aiki, ba lallai ne a kashe wannan kuɗin yanzu ba. In an tashi saye, lambar da ke rubuce a jikin fanel ɗin ake bi, ba sunan talabijin ba, domin talabijin biyu masu suna ɗaya da inci ɗaya kan zo da fanel daban-daban.